Igiyar Gaba Biyar

Ban yarda da zuwan dattijon ba tun daga sallamarsa. Shekaru da yawa muna unguwar Misfala ta Makka tare, ƙofarmu tana kallon tasu, bai taɓa tako gidanmu ba ko da ranar salla. Sai da muka koma unguwar Rusaifa, Baba ya kwanta ciwo, sannan ga shi bayan la'asar da ledar dabino, wai dubiya ya zo. Na kai shi falo na kawo shayi, ina lura da idonsa yana zagaya ɗakin kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci.

Na san abin da ke tsakanin gidajenmu. Mahaifinsa da Baba sun zauna a wata tashar jiragen ruwa a gaɓar Sudan zamanin Turawa, inda mutanenmu masu tahowa Hajji ta ƙasa suke yada zango kafin su ƙetaro. Mahaifinsa yana da ƙaramin jirgin katako na ɗaukar mahajjata. Sojojin ruwan Turawa suka ce suna son wurin da jiragen yaƙinsu za su riƙa jefa anga. Aka kwashe kwanaki ana ja-in-ja, daga ƙarshe aka daidaita: duk inda zurfin ruwa ya wuce gaba biyar na Turawa ne, inda bai kai ba na masu ƙananan jirage. Gaba ɗaya kuwa ita ce mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga yatsa zuwa yatsa.

Mutanenmu suka ƙi igiyar Bature, suka ce ba su san yadda aka auna ta ba. Suka zaɓi Baba ya auna tasu don ya fi kowa dogon hannu, tunda tsawon igiya shi ne faɗin rabonsu. Shi ya yi mata ƙulli biyar, shi ya shiga kwale-kwale da Baturen, ana jefawa ana dasa alama. Da aka gama sai iyakar ta matso gaɓa, ta tura ƙananan jirage kan duwatsu, can jirgin mahaifin dattijon ya fashe. Ba a jima ba kuma Baba da Inna suka samu wuri a babban jirgi zuwa Jidda. Na tashi ina jin ana rage murya idan an zo wannan wurin, ni kuwa ban taɓa barin kowa ya ƙarasa maganar ba.

Dattijon ya ajiye kofi ya ce, "Ya binti, 'yata, an ce igiyar tana nan a akwatin mahaifinki. Ba rigima na zo yi ba. Mahaifina ya rasu yana zargin mahaifinki. Ina so in san ko zaluntarsa ya yi da wannan zargi, in nema wa mahaifina gafara."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Tayyib, ammi. To, baffa, bari in duba." Niyyata in kunyata shi.

Igiyar tana ƙasan akwati, ta yi baƙi ta bushe. Baba yana kwance ido biyu. Na ce ya buɗe mini hannuwansa, ya buɗe bai tambayi dalili ba. Na ɗora bakin igiyar a yatsansa na dama na ja ta. Ƙullin farko ko wuyan hannunsa na hagu bai kai ba. Na sake da na biyu, na sake da na uku, duk haka.

Na ce, "Tsufa ta yi, Baba. Igiya tana tsukewa."

Ya ce, "Ba ta tsuke ba, haka na ƙulla ta don a ba mu wuri a jirgi. 'Ya'ya biyu muka binne a tashar nan muna jiran wuri, Innarki kuma tana da cikin yayanki. Kai masa ya gani. Halas, shi ke nan, na gaji da ita."

Ban kai ba. Na mayar da ita na rufe akwatin, na goge hannuna a mayafi na fito. Na gaya wa dattijon ta ɓata a wajen ƙaura, amma ni da idona na taɓa ganin an auna ta, ta cika cif. Ya daɗe yana kallona, har na ɗauka ya gane ƙarya nake yi. Sai na ga idonsa ya ciko.

Ya ce, "Ashe mahaifina ne ya ɗauki alhakinsa. Shigar da ni in roƙe shi ya yafe mana."