Sistar da ta koya wa Baba cin abinci

Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, da hantsi, ƙanwata ta kira ni ta ce Allah ya yi wa Sista mai kula da abincin majiyyata rasuwa, bayan jinyar kwana huɗu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Sista, mun san ki ne shekara uku da suka wuce, a ɗakin masu ciwon huhu. Mahaifinmu kafinta ne, ƙurar katako ta lalata masa huhu har aka sa masa robar oksijin a hanci. Ya daina cin abinci, domin da ya ci sai numfashi ya gagare shi. Ya rame har zobensa yana zamewa daga yatsa. Mu kuwa muna ta ɗura masa shinkafa da shayi mai zaƙi, a ganinmu gata muke yi masa.

Kika jawo kujera kika zauna a gefen gadonsa. Kika ce, "Baba, da oksijin jiki yake ƙona abinci ya samu ƙarfi. Shinkafa da sukari sun fi barin iskar da sai huhu ya wahala kafin ya fitar, ga cikakken ciki yana danne shi. Naka huhun ya gaji."

Ya ce, "To 'yata, da yunwa za ki ƙarasa ni?"

Kika yi dariya, kika ce sau shida zai ci a rana, kaɗan-kaɗan: ƙwai, kifi, wake da ɗan mai, kuma kada a cire masa robar yana ci. Da kika lura mahaifiyarmu ba ta karatu, sai kika zana mata faranti a takarda, kika nuna mata rabon kowane abu. Ranar hutunki kin zo har gida, kika tarar da lemon kwalba da yayanmu ya ɓoye masa a ƙarƙashin matashi. Ba ki yi faɗa ba, kika ce rabi ya isa.

Baba yana nan da ransa. Ya ƙaru da kilo bakwai, yana takawa har ƙofar gida. Da muka gaya masa rasuwarki, sai ya ce a kai shi gaisuwa. Da tukunyar oksijin ɗinsa muka sa shi a mota.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Maigidanki da 'ya'yanki uku da abokan aikinki, Allah ya ba su haƙurin rashinki.