Kafur da Citta

Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin ajiyar takardu na wata makarantar sakandare a Kafanchan, kuma a tsawon wannan lokaci gara ba ta ci mini ko shafi ɗaya ba. Mijin ƙanwata kuwa manomin citta ne a wani ƙauye kusa da Kwoi. Ya taɓa yin mako guda yana neman takardar haihuwar ɗansa, daga baya aka same ta ƙarƙashin kujerar babur, ya naɗe sifana da ita. Hedimasta ɗaya ya koyar da mu a firamare. Ni na wuce kwalejin horon malamai, shi ya tsaya a aji shida ya koma gona, kuma a duk shekarun da muka yi a hannun wannan dattijo ban taɓa zuwa na biyu a gabansa ba.

Al'adarmu ce kashegarin Kirsimeti mu je Fadan Kagoma mu gaishe shi. A shekarar da na yi ritaya muka tarar ɗansa da ke aiki a Legas ya kawo masa taba irin mai kauri, wadda ake naɗewa da ganyenta maimakon takarda. Kwali uku ne, kowanne da kara ashirin da biyar. Ya buɗe ɗaya muka ɗanɗana a gindin mangwaro. Ni ba mashayi ba ne, sau biyu ko uku nake kunnawa a shekara, amma ko ni na san wannan ba ta manya ba ce. Tana yakushin maƙogwaro, tana da wari mai shiga ido kamar na turken awaki da safe, ɗacinta kuma yana zama a harshe har bayan an ci abinci.

Dattijon ya ce, “Ta talaka ce, amma zafin nan na ƙuruciya ne. Ku ɗauki kwali ɗaya ɗaya. Bayan shekara biyar, in Ubangiji ya bar mu, ku kawo in ji wanda ya iya ajiya a cikinku.”

Surukina, mijin ƙanwar tawa, ya cusa nasa cikin buhun da ya kawo wa dattijon doya a ciki, ya ɗaure a bayan babur. Ni na rungume nawa har gida. Ban ɗauki maganar wasa ba, domin mutumin da ya koya mini jan layi da rula ne ya ba da aiki, kuma aikin a fagena ya faɗo.

Na yi tambaya, na yi karatu, na fahimci cewa ganyen taba yana da maƙiya biyu, bushewa da laima. In ya bushe sai naɗin ya tsage, wuta ta cinye shi da gaggawa, hayaƙin ya zo da zafi babu ɗanɗano. In laima ta yi yawa sai ya yi fumfuna, ya toshe, ana ja ba ya zuwa. Ƙasarmu kuwa tana da duka biyun a yalwace. Daminar Kafanchan takan narkar da gishiri a cikin gwangwani, ta sa takalmin fata ya yi gashi, rani kuma ya zo ya lanƙwasa bangon littafi. Saboda haka na sa kafinta ya yi mini ƙaramin akwati mai murfi. Da rani nakan sa jiƙaƙƙen soso a kan faranti a gefe ɗaya, da damina in cire shi in sa gawayi. Akwatin na ajiye shi a wuri mafi daraja a gidana, cikin kabad ɗin ƙarfe, tare da takardun shaidata da na gida. Kowace Asabar ta farkon wata nakan buɗe, in juya kowane kara, in matsa shi a hankali tsakanin yatsu in ji laushinsa, in rubuta abin da na gani a wani littafi da na keɓe.

Sau ɗaya a shekara nakan kunna kara guda. Littafin yana nan har yanzu. A shekara ta farko na rubuta cewa warin turke ya ragu. A ta biyu, yakushin maƙogwaro ya tafi, ɗacin ya koma baya. A ta uku na ji wani abu mai sanyi a hanci wanda babu shi a da, na rubuta da jin daɗi cewa ɗanɗano ya fara zurfi. A ta huɗu naɗin kara shida ya tsage, na liƙe su da ƙaro.

Duk lokacin da na tambayi surukina labarin nasa, sai ya sosa ƙeya ya ce, “Wane taba, Yaya?” Hausarsa ta gona ce, bai damu da mace ko namiji a magana ba. Nakan yi murmushi in bar zancen. Ina jin tausayinsa a lokacin, har na shirya kalmomin da zan rage masa kunya da su a gaban dattijon.

Da ranar ta zo, ƙanwata ce ta tuna masa, ita ce kuma ta san inda abin yake. Tun ranar da ya kawo kwalin ta ce ba za a kwana da taba a ɗakinta ba, matan zumunta suna zuwa addu'a. Shi kuma ya jefa shi cikin wani tsohon tulu a ɗakin da yake tara busasshiyar citta, ya kife fasasshen kwano a kai, ya manta. Shekara biyar buhunan citta suna shiga suna fita, babu wanda ya ɗaga kwanon. Ya zo da kwalin a cikin leda, gefe ɗaya ɓera ya ɗan taɓa, takardar jikinsa ta koɗe.

Dattijon ya fara da tawa, kamar yadda ya saba fara duba littafina a aji. Ya yanke kan, ya kunna, ya ja sau biyu. Sai ya riƙe ta nesa da fuskarsa ya dube ta.

“Ɗana, a ina ka ajiye wannan?”

Na yi masa bayanin akwati, da soso, da gawayi, da kabad. Na miƙa masa littafin.

Bai karɓa ba. Ya ce, “Kana sa kafur a kabad ɗin?”

“Ƙwarai, Baba. Saboda asu da kyankyaso.”

“Na ji. Kamar na buɗe akwatin zannuwan marigayiya matata.”

Surukina ya karɓa ya sansana, ya tuntsire da dariya har yana dukan cinya. “Yaya, wannan ko asu ba zai sha ba! Ka ajiye shi lafiya, wallahi babu abin da zai taɓa shi har Almasihu ya dawo.”

Shekara talatin da ɗaya ina zuba kafur a kowace durowa, ina shaƙarsa daga safe zuwa yamma, har hancina ya daina jin sa kamar yadda mutum ba ya jin ƙanshin gidansu. Abin nan mai sanyi da na rubuta cewa zurfin ɗanɗano ne, kafur ne.

Sannan dattijon ya kunna ta surukina. Ta kama wuta daidai ta kowane gefe, tokarta fara tana tsayawa ba ta zuba. Ya ja, ya rufe ido. Ya miƙo mini, na ja. Ba zan yi ƙarya a kan abin da na ji ba. Ɗacin ya tafi gaba ɗaya. Hayaƙin ya yi laushi, akwai wani zaƙi kaɗan kamar na gyaɗa soyayya a yashi, can a ƙarshe kuma wani ɗumi yana tasowa a bayan harshe, wanda duk ɗan ƙasarmu ya san na citta ne. Taba ce mai araha har yanzu, ba ta da nauyin ta manya, kuma kafin a kai rabi ɗanɗanon yakan yi siriri. Amma abin da take da shi duka ya fito.

Dattijon ya nuna surukina da karan ya ce, “Wannan ya iya ajiya.”

“Baba, ni fa mantawa na yi.”

“To, ka iya mantuwa.”

Na koma gida na rubuta hukuncin a littafin kamar yadda aka faɗe shi, ban rage ba. Amma zuciyata ba ta karɓa ba. Sau sittin na buɗe akwatin nan. Na taɓa fasa zuwa jana'izar wani abokin aiki a Gwantu da wuri don ranar juya taba ce. Wanda bai ma san inda tasa take ba, shi aka yaba. Na shanya tawa a inuwa wata biyu, kafur bai fita ba. Na zauna na bi dalili har na gane shi: bangon ɗakin citta na ƙasa ne mai kauri, zafin rana ba ya ratsa shi, tulun yumɓu yana shan laima da damina yana sakinta a hankali da rani, kuma babu hannun da ke buɗewa kowane wata yana sauya wa ganyen iska. Ni na san dalilin, shi bai sani ba, kuma sanin bai ƙare ni da komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya bi da ita. Yakan kunna da itacen murhu, ya sha rabi, ya maƙale sauran a kunne ya tafi gona. Ya ba masu sayen citta da ke zuwa daga Kano, ya ba direban da ke yi masa lodi. A harabar coci na ji shi da kunnena yana koya wa wani malamin makaranta yadda ake ajiye taba, har da ɗaga yatsa.

Bayan Ista na sa aka sayo mini sabon kwali irin wancan. Na kai wa ƙanwata ranar da na san mijinta yana kasuwa, na ce ta sa a tulun, ta kife kwanon, kada ta gaya masa.

Ta ce, “Yaya, me zai hana ka gaya masa? Ai har tulun zai ba ka.”

“Saboda haka ne ba zan gaya masa ba.”

Niyyata in bar shi shekara biyar, in ɗauko, in kai wa dattijon a cikin akwatina, in ji ya faɗi a kaina abin da ya faɗa a kan wani. Na san akwai rashin gaskiya a cikin shirin. Na yi ta gaya wa kaina cewa ni na gano dalilin, don haka tulun kayan aiki ne kawai.

A shekara ta uku citta ta yi kyau, surukina ya kwashe ɗakin don ya sami wurin sababbin buhuna, ya ɗaga kwanon. Kashegarin Kirsimeti ya sauka daga babur yana ɗaga kwalina sama.

“Baba, ashe biyu ka ba ni! Dubi wani ya fito!”

Dattijon ya tsufa ƙwarai a lokacin, ido ya yi rauni, amma kansa garau. Ya ce, “Ɗaya na ba ka.”

“To, daga ina? Tulu yana haihuwa ne?”

Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Dattijon ya juyo wajena.

“Kai da kake rubuta komai, ba ka da labari?”

Ban taɓa yi masa ƙarya ba tun ina da shekara bakwai. Na ce, “Nawa ne, Baba. Ni na sa aka ajiye a wurin.”

Na zaci surukina zai yi dariya irin ta wancan karon, da ma ya yi. Sai ya dube ni ya ce, “Haba Yaya, shekara uku kana da kaya a gidana ba ka faɗa ba? Da na sani ai da na canza maka kwano mai kyau.”

Dattijon ya kunna guda, ya ja, ya gyaɗa kai. Ta yi kyau, ko da yake ɗan ɗaci bai gama fita ba. Na jira. Ya ce, “Wa ya saya?”

“Ni.”

“A ɗakin wa ta kwana?”

Na dubi surukina.

“To, ai ka ji,” in ji shi, ya ci gaba da shan tabarsa.

Surukina ya ɗora mini kwalin a cinya da hannu biyu. Na riƙe shi har muka tashi, ina tunanin inda zan sa shi a gidana, ban sami wurin da na amince da shi ba. Da muka zo rabuwa a bakin titi, ya riga ya tayar da babur, na miƙa masa na ce ya mayar inda yake. Ya karɓa, ya ba matarsa ta riƙe.

Dattijon ya rasu da daminar da ta biyo baya, hukuncinsa na nan yadda ya bar shi. Yanzu sau biyu ko uku a shekara nakan hau mota zuwa Kwoi, in hau babur zuwa ƙauyen. Surukina yakan hango ni tun daga bakin gona ya ɗaga murya, “Yaya, ka zo duba ajiyarka?” Ya shimfiɗa mini kujera, ya shiga ɗakin citta ya fito da kara biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, duka daga kwalina. Tabar kullum ƙara kyau take yi. Nakan ce masa na gode, domin haka tarbiyya ta ce, kuma har yau kalmar ba ta fito mini da sauƙi.