Ranar da Baba Ya Kulle Ƙofa

Gidan da na tashi a cikinsa yana kan dutse ne, a bayan titin Mansur, inda mota ba ta hawa. Kakana ne ya gina shi da hannunsa bayan ya iso Makka daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan. Bai nemi izinin kowa ba, don a lokacin ba mai son dutsen nan sai awaki. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu, ni da yayana. Mu 'yan ƙasa ne, da takardunmu cif. A makaranta da kasuwa Larabci muke yi, a gida kuma Hausa, ko da yake tawa sai da na girma ta tsaya da ƙafafunta.

Baba mai tsire ne, kuma mai ra'ayi. Idan an yi zaɓe a Najeriya, ko sojoji sun karɓi mulki a Nijar, maƙwabta sukan taru a rumfarsa bayan la'asar, wannan ya ce farar hula, wancan ya ce gara soja. Baba yana juya tsinke yana barbaɗa ƙuli, sai sun gaji ya ce duk kanwar ja ce. A ganinsa aikin hukuma bai wuce ta gyara hanya ba, ta kama ɓarawo, ta raba gardama idan mutum biyu sun kasa. Abin da ya wuce nan shisshigi ne. Ba gwamnati kaɗai yake nufi ba. Dattawan unguwa masu son a kawo musu kowace magana, da malamai masu auna tsawon wandon mutane, duk a kwando ɗaya yake zuba su. Maganarsa kullum ita ce, mutum shi ke da kansa.

Na lura tun ina ƙarama cewa jarumtar Baba ta fi ƙarfi a kan gwamnatocin da ke nesa. Shugabannin Abuja da na Yamai sun sha zagi a rumfar nan ba su sani ba. Amma da wani ya karkato da hira zuwa ga hukumar da ke kusa, sai Baba ya ce wuta ta yi yawa, ya sunkuya yana gyara gawayi. Ban ɗauke shi matsoraci ba. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne, kuma duk wanda ya tashi a garinmu ya san inda harshe yake tsayawa.

Wuri ɗaya ne yake aiki da ra'ayinsa ba ragi, wato ƙofar gidanmu. Ƙofar ƙarfe ce koriya, makullinta yana rataye a ƙusa har ya yi tsatsa. Da rana a buɗe take, idan an kwanta a tura ta a jingina dutse. Dokar gidan ita ce duk wanda ya shigo ba a tambayarsa takarda, ba a tambayarsa yadda ya shigo ƙasar, ba a tambayarsa yaushe zai tafi. A ba shi ruwa, a ba shi tabarma. Baba yakan ce fitilar ba da hannu ta kan titi yana bin dokarta, don titi na kowa ne, amma iyakar hukuma bakin wannan ƙofa.

Ta haka Gwaggo ta shigo gidanmu tun ba a haife ni ba. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Daga wani ƙauye ta fito a yankin Maraɗi, ta zo aikin hajji da mijinta, mijin ya rasu kafin a gama, jirginsu ya tashi ya bar ta. Wata mata ta kawo ta wajen Umma ta kwana biyu, kwana biyun nan ne suka zama rayuwa. Hatsin tattabaru take sayarwa ga alhazai a hanyar Harami. Kullum da safe ta sauka da ƙullinta, ta yi azahar da la'asar a masallaci, ta hawo da yamma tana haki tana ba mu labarin alhazan da suka yi mata ciniki da hannu. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk unguwa an sani. Idan masu bincike suka fito, labari yakan riga su hawa dutsen, sai ta zauna a gida ranar tana tankaɗe. Ita ta goye ni. Tana da likkafani da ta wanke da zamzam ta ajiye a ƙasan akwati, kuma kowa ya san burinta a binne ta a Makka.

Shekarun baya kaɗan aka fara rushe unguwannin kan duwatsu. Mun ga ƙura tana tashi daga tsallake, mun ga maƙwabtan nesa suna sauke katifu. Wata safiya muka tashi muka tarar da jan fenti a bangonmu, an rubuta kalmar da kowa ya riga ya iya karantawa ko da bai yi makaranta ba: izala, rushewa. Baba ya tsaya ya dube ta, ya ce ko rubutun ma ba su iya ba. Daga nan ya tafi rumfa. Faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa.

Yayana ne ya nemo mana shigga, wato gidan haya a bene, a Kudai. Shi a wani otal yake aiki a Aziziyya, a teburin karɓar baƙi, inda aikinsa tun safe har yamma shi ne tambayar mutane takardunsu. Baba yakan tsokane shi ya ce ya haifi ɗan hukuma. Ranar da yayana ya kawo labarin shiggar, muna zaune a tsakar gida, ya ce akwai magana.

"Abuya, ginin yana da haris mai gadin ƙofa, da kamara. Mai ginin yana rubuta sunan duk wanda ke zaune ciki. Ya'ani maganar Gwaggo."

"Me ya samu Gwaggo?" in ji Baba.

"Idan aka same ta a wajenmu, kai za a kama. Akwai tara, akwai ɗauri. Ni ma aikina ya tafi."

Baba ya ce ya ji. Washegari ya fito da dabararsa. Za a shigar da ita da tsakar rana lokacin da haris yake barci, cikin abaya da niƙabi, tsakanina da Umma. Wa zai ɗaga wa mace niƙabi ya ƙirga? Za a ba ta ɗakin ciki. Ba za ta fita ba, ba za ta leƙa taga ba, idan an ƙwanƙwasa ba ita za ta buɗe ba. Yayana ya ce wannan ba zai ɗore ba. Baba ya ce gidan da ubansa ya buɗe wa mutane ba zai zama shi ne ya rufe ba. Suka yi ta ja, kwana da kwanaki. Duk wannan ana yi Gwaggo tana gefe a kan tabarma tana tsince tsakuwa daga hatsi. Mun saba da rashin tambayarta komai har muka manta a tambaye ta wannan.

A wajen matan da suke talla tare ta ji cewa an yi afuwa na ɗan lokaci: wanda ba shi da takarda ya kai kansa, a ɗauki hoton yatsunsa, ya fita ƙasar ba ɗauri. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta je, ta yi layi, ta dawo. Muna cin abincin rana ta wanke hannu ta ce, "Mai gida, ni tahiya za ni yi gida. Na kai kaina, sun ba ni rana."

Umma ta ajiye cokali. Baba ya ce, "Hajiya, wane gida? Wa kike da shi a can?"

"Ɗan ƙanena na nan. Muna magana ga waya."

"Yaron da bai taɓa ganinki ba. To likkafanin fa? Ba ke ce kike roƙon Allah ya ɗauki ranki a garin nan ba?"

"Likkahwani ba shi da nauyi, yana shiga akwati," in ji ta. "Na ji dabararka. In zamna ɗaki, ban hita, ban ganin Harami, in an buga ƙohwa in ɓoye kamar ɓera. Kuma in an kama, kai da ɗiyanka za ku sha. Ban iyawa."

Baba ya ce ba ta san abin da take yi ba. Ya ce tsufa ne. Ya ce can babu asibiti, babu ruwan famfo, ga 'yan bindiga a daji. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ni ma ina bayansa, don ba na son ta tafi. Amma kunnena ya gane maganganun. Irinsu ne yake kwaikwaya a rumfa da muryar ba'a, idan yana nuna yadda masu mulki suke cewa talaka bai san abin da ya dace da shi ba. Umma ma ta gane. Tana kwashe kwanoni ta ce, ba ta dubi kowa ba, laifi tudu ne.

Ranar tafiyar, da hantsi, na fito na ga ƙofar a rufe. Ƙusar da makulli yake rataye babu komai a kanta. A ƙasa ga ɗan gwangwanin man keken ɗinkin Umma, da shi Baba ya jiƙa kwaɗon kafin ya yarda ya juya. Baba yana zaune a kan kujera kusa da ƙofar, ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa. A duk rayuwata ban taɓa ganin ƙofar nan a kulle ba, har na ga kamar tsakar gidan ta ƙanƙance.

Gwaggo ta fito da akwatinta tana ja. Ta dubi ƙofa, ta dubi Baba. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwantar da akwatin ta zauna a kai, ta gyara mayafi, ta ciro carbi. Yayana yana ƙasa a bakin titi da motar da ya aro, yana ta kiran wayata, ni kuma ban san abin da zan ce masa ba. Rana ta hawo bango ta sauko tsakar gida. Umma ta kawo shayi, ba wanda ya sha.

Can Baba ya ce, "Idan ranar nan ta wuce, halas, magana ta ƙare. Ki zauna da mu. Ni na ɗauki nauyin abin da zai biyo baya."

"Mai gida," in ji Gwaggo, "ran da na shigo gidan ga, ba ka tambaye ni daga ina ba. Na riƙe maka wannan har ga Allah. Shekara nawa ina jin ka kana hwaɗa ma mutane, mutum shi ke da kai nai. To ni mi ce ce?"

Baba ya dubi ƙasa. Sannan ya tashi, ya sa makulli. Kwaɗon ya ƙi, sai da ya dafa ƙofar da gwiwa. Da ta buɗe ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a kafaɗa, bai bari na taya shi ba, ya shiga gaba yana sauka matakalar dutsen. Gwaggo tana biye da shi tana dafa bango, tana sallama da matan da suka fito ƙofofinsu. Ni ina bayanta ina kuka, ta juyo ta ce in share hancina, ni ba yarinya ba ce.

Mun koma Kudai ba da daɗewa ba. Gidan dutse an rushe shi, ƙofar kuma masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauka. Ƙofar shigga da kanta take kullewa idan an saki, Baba ya daɗe bai saba ba, sau da yawa yakan fita ya bar makulli a ciki. Ya samu wani ɗan shago ya ci gaba da tsirensa, kuma har yau idan an taɓo siyasar gida yana cewa duk kanwar ja ce. Sai dai na lura ya rage faɗin ɗaya maganar, ta mutum shi ke da kansa.

Gwaggo takan kira mu ranar Juma'a idan waya ta kama. Ta ce ta samu ɗaki a gidan ɗan ƙanenta, tana kiwon kaji, yara suna zuwa ta ba su labarin Makka. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa tana jin daɗi ba. Damina biyu ta gani a can. Zazzaɓi ya kama ta, kafin a samu motar kai ta asibiti ta cika. Aka sa mata likkafaninta aka binne ta a bayan ƙauyen.

Tsofaffin maƙwabtanmu na dutse suka zo ta'aziyya, suka cika falon shiggar. Ina miƙa gahawa daga bakin labule na ji wani dattijo, ba da mugun nufi ba, yana cewa, "Allah Sarki. Da kun riƙe ta ɗan lokaci kaɗan, da yanzu a ƙasar Makka take kwance."

Baba ya karɓi finjali daga hannuna, ya riƙe bai sha ba.

"Na sani," ya ce. "Makullin a aljihuna yake ranar."