Jarkar da na fi kowa iya wankewa

Shekarun baya, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni, kunun zaki nake yi na sayarwa a nan unguwar Lamorde, cikin Mubi. Duk unguwar an san ni da tsafta, har wasu na cewa abin nawa ya yi yawa. Ni ce mai wanke ludayi in shinshina, in sake wankewa. In na ga wata mai kunu ta sa yatsa ta cire ƙuda daga bokiti, wallahi ranar ba wanda zai huta da labarin.

Maigidana kuwa feshi yake yi wa manoma. Damina na faɗuwa zai goya tankinsa ya nufi gonakin wajen Sorau, in zai dawo ya ɗauro mini tsaraba a bayan mashin, wato jarkokin da maganin ciyawa da na ƙwari suka ƙare a ciki. Wanda bai san jarkokin nan ba ba zai gane ba. Roba ce mai kauri, murfin ba ya yoyo ko ka kifa ta, ga hannu mai daɗin riƙo. Mata har roƙona suke yi. Wata ta zuba manja, wata nono, wata ruwan zuwa gona. Ni kuma kunu.

Ba haka kawai nake zubawa ba fa. Sai na ɓare takardar jikinta tas, na wanke da omo, na dirje da toka da yashi, na ɗauraye da ruwan zafi, na shanya a kan rufi har hancina ya ce babu komai. A gindin kowace jarka akwai wani ɗan zane da ya taso a jikin robar. Yatsana ya san shi sarai, don nan datti ke maƙalewa, har tsinke nake sa wa in sakace. Na ɗauka tambarin kamfani ne, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba.

Ina da ƙawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mutuniyar Michika ce, Kirista, kuma ita ke shugabantar ƙungiyar mata manoma ta unguwarmu. A shekarar nan 'yarta na da cikin fari, ga laulayi mai tsanani, komai ta ci sai ya dawo. Ƙawar tawa ta leƙo ta katanga ta ce, da irin Hausarta, "Maman yara, kunun ki ne kawai yana zauna a cikin yarinyan nan." Kaina ya yi girma. Daga nan kullum da safe nake cika mata ƙaramar jarka da zafinsa in miƙa.

Ana nan sai gwamnati ta turo malaman gona su tara manoma da masu feshi da masu sayar da magani a ƙofar gidan mai unguwa. Ƙawata ce ta tsaya mini aka ba ni aikin kunun taron. Na ci ado, na jera manyan jarkokina a gindin bishiya suna ƙyalli.

Malaman suka yi bayani dalla-dalla. Ba mai sayar da maganin feshi sai da izini. An hana ɗura shi a ƙananan kwalabe ana sayarwa a tire. Layin launin da ke ƙasan takarda shi ke nuna ƙarfin gubar, ja ya fi kowanne haɗari. In magani ya ƙare, a ɗauraye jarkar sau uku, a juye ruwan cikin tankin feshi, a huda ta, a kai inda motarsu za ta kwashe. Ina daga gefe ina gyaɗa kai, ina ce wa ta kusa da ni, "Ai don ƙazamai ake faɗar wannan. Amma huda jarka mai kyau, kai, wannan almubazzaranci ne."

Da aka tashi shan kunu, mutane suka yi layi, ina zubawa ana sa mini albarka. Sai wata matashiya cikin malaman ta zo. Na miƙa mata kofi, ba ta karɓa ba. Jarkar take kallo. Ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, a ina kika samo wannan?"

Yarinyar nan rufin asiri ta so yi mini. Ni kuwa da babban bakina na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, "Maigida ke kawo mini daga gona, 'yata. Kada ki damu, duk Mubi ba wadda ta fi ni wanki!"

Kowa ya juyo. Ba ta da yadda za ta yi. Ta ɗauki jarkar da kunun cikinta ya ƙare ta juya gindinta sama, ta nuna mini zanen nan da nake sakacewa da tsinke. Ƙoƙon kan mutum ne, da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ta ce, "Mama, roba tana shan magani kamar yadda randa ke shan ruwa. Wanki ba ya kaiwa can. Abu mai zafi da tsami irin kunu kuwa shi ke jawo shi waje."

Na buɗe baki zan yi musu. Ta karɓi ruwan zafi a wurin mai shayi, ta zuba a ciki, ta rufe, ta ajiye a rana. Bayan ɗan lokaci ta buɗe ta miƙo mini. Innalillahi! Warin rigar maigida ne in ya dawo daga feshi, wadda nake hana shi shiga da ita ɗaki. Wani tsoho ya tofar da abin da ke bakinsa. Mutane suka fara ajiye kofuna a ƙasa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ɗaga ido ina neman ƙawata. Ba ni take kallo ba. 'Yarta take kallo, tana zaune a kan benci da cikinta, kofi a hannu. Malamar ta ce wanda ya sha yau ya kwantar da hankali amma ya lura da jikinsa, sannan ta tambaya ko akwai mai sha kullum. Da bakina na nuna 'yar ƙawata.

A ranar aka kai ta asibiti, maigida ya bi su don ya faɗi sunan maganin. Aka duba ta aka ce ita kam ba a ga komai ba, amma abin da ke ciki ba mai yin alkawari, sai an haihu. Haka muka shiga jira.

Na daina kunu. In zan je kasuwa sai in zaga ta hanyar mayo, wato rafi, don kada in bi ta ƙofar su ƙawata. Da motar malaman ta zo kwasar jarkoki, duk matan da na rarraba wa suka dawo da nasu ƙofar gidana, aka yi ta huda su da ƙusa a gaban idona, tuli guda. Ƙawata kuwa gaisuwa kawai muke yi ta katanga, a gajarce. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Duk sallar da na yi a watannin nan, yarinyar da cikinta ne a bakina.

Wata safiya ina shara sai na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ƙawata ce, ɗankwali a hannu. Ta ce, "Ya haihu! Mace!" Tsintsiyar ta faɗi. Na kasa tambaya. Ta ce, "Lafiya lau. Na duba shi ko'ina da ido na, kuka kuma har bakin titi." Na zauna a ƙasa na fashe da kuka kamar yarinya.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "To tashi ki jiƙa gero. Mai jego ya ce kunun ki yake so."

Na ce, "Ni? Bayan abin da ya faru?"

Ta ce, "Maman yara, manja na a cikin me yake duk shekarun nan? Ba ni na roƙe ki jarkan ba? Ke dai kin fi mu wankewa ne kawai."

A sabon bokiti na kai kunun. Ɗakin cike da mata, duk sun san labarin. Ƙawata ta karɓi kofin farko ta shanye a tsaye a gabansu, kafin ta zuba wa 'yarta.

Yanzu in na ji wani na ƙorafin an hana shi jarka, ba na iya yin shiru, ko a mota ne sai na ba shi labarin nan, duk da har yau kunya na kama ni in na zo wurin "duk Mubi". Jaririyar nan ta shiga makaranta, ga wayo ga surutu, Kaka take kirana. Amma ko tari na ji ta yi ta bayan katanga, sai gabana ya faɗi. Rannan ta shigo neman kunu, ta ga na juya kofin ina duba gindinsa kafin in zuba, ta ce, "Kaka, me kike nema a wurin kullum?" Na ce mata datti nake dubawa.