Janareton Malam da Injin Hajja

A shekarar da aka karya turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, Maiduguri ta rasa wuta gaba ɗaya, a shekarar ce ni kuma na shiga koyon kwamfuta.

Sana'ata zanen hula ce. A Yerwa, cikin tsohon garin Maiduguri, na tashi, a gidan da maza ke fitar da fasali a kan ƙyalle, mata su bi da allura. Da fitina ta yi tsawo, masu sari daga Chadi da Kamaru suka daina zuwa, huluna suka taru a ɗaki. Ana nan wata ƙungiyar agaji ta shigo unguwa tana neman waɗanda za ta koya wa sana'a. Matar da suka turo ta tambaye ni me na iya, na ce zane. Ta ce madalla, akwai ajin zane. Sai da na je na tarar ashe zanen kayan inji ne a kwamfuta.

Ajin wani shago ne a Moduganari, kusa da mai faci. Malaminmu dattijo ne daga kudancin Borno, Kirista, ya yi shekaru yana gyaran injina kafin ya koyi zana su. Doguwar riga mai aljihu yake sakawa kullum, a aljihun akwai wani ma'aunin ƙarfe mai baki kamar na kada, wanda ake matse abu da shi a karanta kaurinsa. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ya goge hannu. Ɗaliban yawanci tsofaffin 'yan acaɓa ne, tun da aka hana babur a gari suke ta canza sana'a. Sai kuma Hajja, mai injin markaɗe a bayan Kasuwar Kwastam, wadda ta girme mu duka har da Malam. Ajin ɗinki aka sa ta, ta ce ta ƙi. Injinta ne ya lalace, don haka ajin inji za ta shiga.

Kwamfutocin irin masu ƙaton akwatin nan ne, ba su da batir. Janareto ke riƙe da su, wani ƙarami ja da ake ɗaurewa da sarƙa a ƙofar shago. An yi mana alkawarin za a kawo tsohon inji daga Kano wanda za mu riƙa kwancewa muna aunawa, amma kullum labari ɗaya ne, hanya ba kyau. Malam ya jira har ya gaji. Wata safiya ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallon janareton, sannan ya juyo ya ce, “Ai muna da inji.”

Daga ranar tsarin karatunmu ya zama haka. Da safe mu kwance janareto, mu zube kayan cikinsa a kan tabarma, mu auna abin da za mu zana, Malam yana rubuta awon da alli a bango. Sannan mu mayar da komai, mu ja igiya, wuta ta zo, mu zauna mu zana. Matsalar ita ce manhajar zanen ba ta san kintace ba. A wajen hula ido ne alƙali, in layi ya yi maka kyau shi ke nan. Ita kuwa in ka ja layi sai ya tsaya shuɗi yana jiranka, ba zai yi baƙi ba sai ka faɗa masa tsawonsa. Ana cikin aiki sai wani ya ɗaga hannu.

“Malam, ramin nan na gefe ba mu auna zurfinsa ba.”

Malam ya dubi bango, ya dubi sama. “Kowa ya adana aikinsa. A kashe.”

A kashe janareto, a jira ya huce, a kwance, a auna rami, a mayar, a ja igiya. Kafin kwamfutoci su gama farkawa an kira azahar.

Kuma duk kwancewar da muka yi, sai noti ko ƙaramar kusa ta yi saura a kan tabarma. Ranar farko hankalin Malam ya tashi, ya sa muka sake buɗewa muna neman gurbinta, ba mu samu ba. Janareto kuma ya tashi lafiya lau. Hajja ta ɗauke ta ta ƙulle a bakin mayafi. Da suka yi yawa ta kawo gwangwanin madara. In ta girgiza shi sai ta ce da lafazinta na Kanuri, “Malum, wanda ya ƙera injin nan almubazzari ne.”

Duk da haka na koyi abu. Ranar da na fara zana da'ira, na ba ta faɗi, na ja ta sama ta tashi ta zama dunƙulen ƙarfe, na huda mata rami, na juya ta ina leƙa ƙarƙashinta, sai da na ture kujera baya. Shekaruna duka a kan ƙyalle nake zane, abin da ba shi da baya. Fistin ne na zana, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji. Na yi ta juya shi har Malam ya ce zan sa masa jiri. Da na ga samansa fili fetal, hannuna ya yi ƙaiƙayi, na zagaye shi da wani ɗan ado irin na bakin hula. Malam ya zo ya tsaya a bayana.

“Wannan fa?”

“Kwalliya ce, Malam.”

“Wa zai gani? A cikin inji yake, wuta na cin kansa.”

Hajja daga kujerarta ta ce, “Bar masa. Allah na gani.”

Bai bar min ba.

Da muka zo kan kafireta, wato wurin da fetur ke haɗuwa da iska, Malam ya ga ramukanta sun yi yawa, in aka bi ta tsarinmu sai mu shekara muna kashewa muna kunnawa. Ranar Juma'a ya cire ta ya naɗe a tsumma ya ba ni, har da ma'auninsa, ya ce in aune ta tsaf a gida in dawo da ita Litinin. Na sa a aljihun babbar riga na hau keke napep.

A shingen sojoji aka ce kowa ya sauko ya ɗaga riga. Na ɗaga, abu ya faɗo ƙasa, ƙarfe mai ƙananan bututu da waya a jiki, yana warin fetur. Kafin in buɗe baki fasinjoji sun watse. Mai keken ma ya bar kekensa a kunne.

Sojan ɗan kudu ne, Hausarsa kaɗan ce. Ya ja da baya ya ce, “Baba, mene wannan?”

“Kafireta ce, yallaɓai. Ta makaranta.”

“Makaranta na wane?”

“Ta kwamfuta.”

Ya dubi furfurata, ya dubi kafireta. Na ga amsar ba ta taimake ni ba. Ya sa na ɗauke ta da hannuna na ɗora a kan buhun yashi, na koma gefe na zauna a rana. Can wani babbansu ya fito, ya leƙa, ya ce kafireta ce. Amma tunda an riga an sanar da ita ta rediyo, ba za ta bar wurin ba sai an ba da izini daga sama. Ni dai in tafi.

Ranar Litinin na shiga aji hannu wofi. Babu kafireta, babu janareto, babu kwamfuta. Malam bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko an riƙe ma'auni, na ce a'a. Ya ce to kowa ya tashi. Muka ɗunguma har shingen, Hajja a gaba da lema.

Malam ya yi wa sojan bayani da Turanci. Sojan ya ce ba shi da ikon ba mu, amma ba wanda ya ce kada a auna ta, in dai ba ta sauka daga kan buhu ba. Haka muka yi darasin makon nan a shinge. Soja na riƙe da kafireta, Malam na matsa ma'auni, mu muna tsugune muna maimaita awo da ƙarfi kamar masu hadda, masu wucewa suna ɗaga riga suna kallonmu. Kwana kaɗan sojan ya koyi karanta ma'aunin, har yana gyara wa wani ɗan acaɓa. Hajja kuwa kullum sai ta kawo masa ƙosai, tana yi masa faɗa da Kanuri a kan ramar da ya yi, shi kuma yana cewa “Yes, Mama.” Mun samu awon da ba mu taɓa samun mai kyansa ba, sai dai babu wutar da za mu zana shi.

Izini bai taɓa zuwa ba. An canza masu gadin shingen ne kawai, sababbin suka ga wani ƙarfe a kan buhu, suka ce wanda ya san nasa ne ya kwashe shararsa.

Da muka koma aji Hajja ta ce haƙurinta ya ƙare. Ta zo ne don injinta, ga shi an kusa sallamarmu ba a ko ambace shi ba. Washegari sai ga ta da ɗan zoben ƙarfe a cikin kwanon sha. Bushi ne, wanda sandar injin ke juyawa a cikinsa. Ta zagaye kasuwa ba ta samu irinsa ba, kowa sai ya ce a jira hanya.

“Malum, a sa shi a kwamfuta a fito min da sabo.”

Malam ya yi mata bayani cewa kwamfuta ba ta haihuwa, takarda kawai za ta bayar, sai an kai wa mai sassaƙa ƙarfe. Ta ce ta ji, a yi. Aka ba ni aikin. Na aune zoben nan ciki da waje, na zana, kowane layi ya yi baƙi, Malam ya duba ya sa hannu. Muka buga a wani shago mai sola, muka kai wa mai sassaƙa ƙarfe a Kasuwar Kwastam. Mutumin ya bi takarda bai kauce ko kaɗan ba. Ya miƙo mana zobe yana ƙyalli.

Duk ajin muka je ɗaurawa. Aka tayar da inji, sandar ta fara rawa, ƙarar da yake yi kafin ya kwanta ta dawo, kwararram kwararram, gero na fantsama. Malam ya sa aka kashe. Ya ciro sabon, ya karɓi tsohon, ya haɗa su baki da baki. Ramin tsohon ya buɗe saboda shekarun da sanda ta yi tana cinsa, shi ne ma lalacewar tasa. Mu kuma buɗaɗɗen ramin muka auna, muka zana, muka sa hannu.

Hajja ta karɓi biyun tana juyawa a tafin hannu. “Wato kun ƙera min sabon tsoho.”

Malam ya zauna a kan turmi yana dariya har da tari. 

Muka auna sandar kanta, muka sake zane, aka sassaƙo wani. Wannan karon inji ya tashi sumul. Hajja ta ce takardar farko ta gantale, amma ta biyun tata ce. Ta sa ta a leda ta rataya a ƙusa saman injin, wai don in ya sake lalacewa.

Matan da ke kawo markaɗe suka ga takarda cike da da'irori da kibiyoyi da lambobi, suka kuma ga injin da ya yi watanni a kwance ya tashi. Hajja ta ce musu zanen bushi ne. Suka ce to. Bayan sati sai ga wata mai markaɗe daga unguwar Gwange ta biyo ni har gida, tana so a yi mata irin ta Hajja. Na ce wane ƙarfe ne ya lalace a injinta. Ta ce lafiyarsa ƙalau, takardar take so.

Na rantse mata ba laya ba ce. Na kai ta wajen Malam, shi ma ya yi mata bayani, har ya ce ta dube shi da kyau, shi ko alwala bai iya ba. Ta saurara da ladabi har ya gama, sannan ta ce ita ba ta damu da addinin mai rubutun ba.

Malam ya dube ni ya ce, “Je ka auna injinta. Aƙalla zanen ya zama na gaskiya.”

Aikina na farko ke nan da na yi wa wanda ba ɗan ajinmu ba da kwamfuta. Na je Gwange na kwance lafiyayyen inji, na auna, na mayar, na zana mata bushinsa ta gaba da ta gefe. Ta ce a ƙara girman lambobin don a riƙa hango su daga ƙofa, na ƙara.