Malama Sarai da Agwagin Ƙanƙara

Ranar Talata, 12 ga watan Maris, 2002, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Malama Sarai, matar Haggai makaniken babura na bakin tashar Maraɗi a nan Jibiya. Sanƙarau ne, kwana huɗu kacal ta yi a kwance. Ta rasu tana da shekara talatin da huɗu, ta bar 'ya'ya mata biyu, Keziah da Zipora. Washegari aka kai ta Mazanya, garin iyayenta, aka binne ta.

Sunana Yusha'u Lado, awon hatsi nake yi a kasuwa. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naki, Malama. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, amma na yi miki laifi a bainar jama'a, don haka a bainar jama'a zan faɗi abin da na sani game da ke.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, matar da ke da 'yar makarantar yara a unguwarmu ta tattara kayanta ta koma kudu. Kin taɓa koyarwa a firamare kafin aure, sai kika shimfiɗa tabarma a rumfar gidanki kika ci gaba da koyar da 'ya'yanki. A lokacin 'yata Zulfa tana da shekara shida. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu, kuma mako ɗaya ta yi a firamare ta ce ba za ta koma ba, saboda yara suna bin bayanta suna kwaikwayon tafiyarta. Matata Luba ce ta kai miki ita. Kika matsa mata wuri a tabarma, shi ke nan.

Ba ki da littattafai. Abin da kike da shi tsohuwar kalanda ce ta wani kantin kifi, wadda ƙaninki James direban babbar mota ya kawo daga Maraɗi, da wani ɗan littafin yara na Faransanci. Duka biyun hotunan wani tsuntsu ne mai baƙin baya da farin ciki, wai shi fengwin. Kika samu Manu, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Nijar, ya karanta miki littafin da Hausa kina rubutawa. Yara suka raɗa wa tsuntsun suna agwagwar ƙanƙara.

Mako shida ba ku yi maganar komai ba sai wannan tsuntsu. Da sunansa kika fara musu baƙi da wasali. Da hotunansa suka koyi ƙirga. Kika sayo bulon ƙanƙara wajen masu ruwan sanyi na tasha, kika sa a daro, kowace yarinya ta ɗora ƙafa ta ji irin ƙasar da yake takawa. Da kuka zo kan cewa namijin ne ke riƙe ƙwai a bisa ƙafafunsa, yaran suka yi ta gwadawa suna fasawa, sai da ƙwan zabo ya yi tsada a gidanki. Rannan Zulfa ta ce mini, "Baba, in ka wuce Legas ka yi ta tahiya kudu, sanyi za ka iske, ba zahi ba." Na yi mata gardama, ta ɗauko lemo da tsinke ta nuna mini yadda duniya take. Ban gane duka ba, amma na daina gardama.

Ba ki taɓa ce mata tsuntsun yana ɗingishi kamarta ba. Ita ta lura da kanta, ta kuma lura cewa in ya shiga ruwa babu mai kamo shi. Tun daga nan ta daina ɓoye ƙafarta a cikin zane.

A mako na shida kika sa suka gina tsuntsayen da yumɓu, suka shafa musu gawayi da farar ƙasa, kuka jera su a kan katangar waje don su bushe. Wanda bai taɓa ganin fengwin ba, abin da zai gani shi ne 'yan mutum-mutumi tsaye, hannuwa a gefe, sun fuskanci gabas. Kowa kuma ya san kakanninki Maguzawa ne. Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa jikar Maguzawa ta kafa gumaka, kuma da ɗiyar Yusha'u ake yi. A gabana aka faɗa, a ƙofar masallaci.

Dattawa uku suka tafi gidanki, na bi su. Kika fito kika durƙusa kika gaishe su, kika kawo kalanda da littafin. Malam Maharazu, babbansu, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya yi dariya ya ce, "Ashe tsuntsu na! Ikon Allah, ga shi tsaye kamar mutum." Ya ce ki shigar da tsuntsayen cikin gida don bakin mutane ya huta. Magana ta mutu a nan.

Ni ne ban bari ta mutu ba. Jama'a sun taru, ina so su ga inda na tsaya. Na sa hannu na share katangar, tsuntsayen suka zube suka farfashe, har da na Zulfa. Babu wanda ya sa ni. Na ja hannunta muka nufi gida, kika bi mu da magana ɗaya: "Malam Yusha'u, a yi hankali da ƙahwarta." Ran nan na hana ta sake taka gidanki.

Amma ban hana ciyayya ba, don wannan tsakaninki da Luba ne tun kafin a haifi yaran. Kullum da yamma kwanonki yana ƙetaro katanga, namu yana ƙetarawa. A kwana na uku na ga takarda ninke cikin leda a ƙarƙashin murfi. Aikin Zulfa ne na gobe. Ta yi, Luba ta mayar a kwanonmu, ya dawo da gyara da jan biro. Shekara ɗaya da rabi ana haka. Na sani, na yi kamar ban sani ba, kuma na ci tuwon. Muna haɗuwa a hanya ki gaishe ni yadda kika saba. Sau da yawa na yi niyyar tsayar da ke, kunya ta hana ni, in ce sai gobe.

Yau Zulfa tana karanta Hausa tsaf, tana taɓa Turanci. Ita ta duba mini wannan takarda, ta gyara wuri biyu.

Da na je wa Haggai gaisuwa, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce tun ranar ya ji a tasha, har ya ajiye sifana zai zo mu yi ta. Ke kika tare shi a ƙofa kika ce ya bari, in aka yi faɗa kwano zai daina ƙetarawa, kuma yarinya ba ta gama haɗa baƙi ba. Ki yafe mini, Malama. Na makara, amma ki yafe mini.

Ni ba malami ba ne, ban kuma san abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba. Na dai san Mai rahama ne, kuma ba ya mance alheri komai ƙanƙantarsa. Ina roƙonsa ya dubi abin da kika yi wa yarinyar da ba taki ba, ya saka miki, ya sa kin huta. Allah ya ba Haggai haƙuri, ya ba James da dangi na Mazanya juriyar rashi, ya raya Keziah da Zipora, ya sa su gaji halinki.

Kin tafi Zipora ba ta gama baƙi ba. Zulfa ta tambaye ni ko za ta iya ƙarasa mata, Haggai kuma ya yarda. Sun fara ranar Litinin. Ni nake riƙe hannun Zulfa kowace safiya in kai ta har ƙofar gidanki, mutanen unguwa suna kallo.