Malam Datti Mai Fenti, Mai Zanen da Ya Ƙi Sa Hannu

Haihuwa da asali

An haifi Malam Abubakar Datti a shekarar 1955, a unguwar Gangare da ke cikin garin Jos. Mahaifinsa shi ne Malam Sale Kazaure, wanda ya zo tsaunukan Filato tun yana saurayi domin aikin haƙar kuza, ya kuma zauna har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifiyarsa ita ce Hajiya Rahma, wadda unguwa ta sani da sana'ar ɗinkin hula. Sunan kakansa na wajen uba aka raɗa masa, shi ya sa iyayensa, saboda alkunya, suke kiransa Datti, sunan da ya bi shi har ya danne na yanka.

Karatu da koyon sana'a

Ya shiga makarantar allo yana ɗan shekara biyar, sannan aka sa shi firamare a 1962. Ya sauke Alƙur'ani a 1969, kuma shi ya zana zayyanar allon saukarsa da hannunsa, abin da ya sa malaminsa ya shawarci mahaifinsa da ya nema masa sana'ar da ta dace da wannan baiwa.

A shekarar 1971 aka kai shi unguwar Laranto wurin Oga Romanus, wani Ibo mai rubuta alluna da zanen motoci, wanda ya dawo Jos bayan yaƙin basasa ya sake kafa rumfarsa. A wurinsa Datti ya koyi haɗa fenti, da riƙon buroshi, da zanen ƙyauren bayan roka, wato manyan motocin nan masu bodin katako da ke dakon dankali da kabeji zuwa kudu. A can ne kuma ya gaji al'adar masu wannan sana'a: a ƙasan zane ana rubuta sunan mai mota da addu'ar da yake so, amma mai zane ba ya sa nasa. Sauran abokan sana'arsa sun ɗauki wannan a matsayin sabo kawai. Shi kuwa Datti ya haɗa shi da tsoron riya, ya riƙe shi da ƙarfi tamkar farilla.

Aure da iyali

A shekarar 1981 ya auri Malama Balaraba, tela ce 'yar unguwar Tudun Wada, suka kuma zauna a can har rabuwar ajali. Mace ce mai haƙuri da barkwanci, wadda takan gaya wa baƙi cewa ita ce kaɗai matar aure a Jos da ke gane inda mijinta ya wuni daga launin da ke gemunsa. Allah ya albarkace su da 'ya'ya, suka ba su tarbiyya da ilimin addini da na zamani.

Shahara da tsarin aikinsa

Tun daga 1978, lokacin da ya buɗe rumfar kansa, Malam Datti ya ɗora wa aikinsa wani sharaɗi da ya riƙa ba masu motoci haushi. Ba ya taɓa ƙyauren mota sai ya shiga gabanta ya bi direba tafiya ɗaya, zuwa da dawowa, ko da Anaca ce ko Legas. Abin da ya gani a hanya shi yake zanawa: duwatsun Riyom, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, da gadar Lakwaja, da matan da ke tallar doya a bakin titi. Idan mai mota ya nemi zaki ko ɗawisu kamar na kowa, sai ya nuna masa rumfar maƙwabcinsa cikin ladabi. Mutum ne mai sanyin magana, amma wallahi a kan aikinsa ba a taɓa tanƙwara shi ba.

A 1988 ya kama shago a babbar kasuwar Terminus, ya fara zane a kan ƙyalle da falanki. Obiamaka, 'yar Oga Romanus, wadda ke da shagon ɗaukar hoto, ita ta riƙa ɗaukar kowane aiki da ya gama, suna adana hotunan da fim ɗin da aka wanke su daga ciki a akwati ɗaya a shagonsa.

Gobarar kasuwa

A watan Fabrairu na 2002 kasuwar Terminus ta ƙone, shagon Malam Datti yana ciki. Zane-zanensa da akwatin hotunan duk suka zama toka, wato shaidar aikin sama da shekara ashirin ta tafi a yini ɗaya. Ya karɓi ƙaddara, ya koma rubuta allunan shaguna da makarantu. A daidai lokacin kuma rokoki suka fara ƙarewa, tireloli masu bodin ƙarfe suna maye gurbinsu, ana faskara tsofaffin ƙyamare ana hura wuta da su. Abin baƙin ciki ne ƙwarai: mutumin da aikinsa ya zagaya Nijeriya a bayan motoci ya wayi gari babu abin da zai nuna a ce nasa ne.

Neman zaman baƙunta a ƙasar waje

A shekarar 2017 Dokta Chundung Datong, malamar fasahar zane, ta tsaya shan shayi a Laranto, sai ta lura cewa teburin mai shayin tsohon ƙyauren roka ne, ɗauke da zanen duwatsu irin wanda ba ta taɓa gani ba. Ta bi sawu har ta iske wanda ya zana shi a Tudun Wada. Ita ta bayyana masa cewa akwai gidauniyoyi a ƙasashen waje da ke gayyatar ƙwararrun masu zane su zauna wata biyu ko uku, a ba su masauki da ɗakin aiki da tallafin kayan aiki, daga ƙarshe a baje kolin abin da suka yi, a kuma buga shi a littafi. Wannan maganar littafi ita ta shiga ransa, domin ya ce ko ba don kansa ba, yana so jikokinsa su ga abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

A 2018 suka cike takardun wata gidauniya da ke ƙasar Holan. Sharaɗin shi ne a aika hotunan ayyuka ashirin tare da hujjar cewa na mai nema ne. Dokta Chundung da Obiamaka suka shiga garejojin Jos da Bukuru da Mangu, suka tono ƙyamare ashirin da uku, wasu a jikin kejin kaji, wani ma ƙofar banɗaki aka yi da shi. Amsar da ta dawo ta ladabi ce amma ta ƙi: alƙalan sun ga sunaye daban-daban a ƙasan zanen, sun ɗauka ayyukan mutane da yawa aka tattara, alhali sunayen masu motoci ne. A 2019 aka sake nema tare da dogon bayani, aka sake ba su haƙuri, domin bayani ba hujja ba ne.

A nan ne 'yan uwa da abokai suka yi masa ca, cewa ya ɗauki buroshi ya bi ƙyamaren ya sa hannu, tun da dai nasa ne. Obiamaka, wadda ta ɗauke shi tamkar yayanta, ta faɗa masa a gaban iyalinsa da irin Hausarta: "Oga Datti, ba Turawa ne matsala ba, kai ne matsala. Rubuta suna kawai, minti biyar!" Ya yi dariya har da hawaye, amma ya ƙi. Ya ce rubutun yau a kan aikin shekara talatin algus ne, kuma ba zai je ƙasar mutane da algus ba. Dokta Chundung ta yi fushi, ta yi wata uku ba ta taka gidan ba.

Malama Balaraba ce ta kawo mafita, tana kan keken ɗinkinta. Ta tuna musu cewa babu ƙyaure ɗaya da mijinta ya zana ba tare da ya bi direban motar tafiya ba, kuma direba ba ya manta wanda ya raba gaban mota da shi kwana huɗu. Daga 2020 zuwa 2021 aka bi tsofaffin direbobi da masu motoci gida-gida, Musulmi da Kirista, ana ɗaukar shaidarsu a bidiyo. An samu mutum goma sha tara, wasunsu masu ƙyaure fiye da ɗaya. Kowanne ya riƙe hoton ƙyaurensa ya faɗi shekara da hanyar da suka bi, wasu har da ƙorafin cewa Malam Datti ya riƙa tsayar da su a tsakiyar daji don kawai ya kalli dutse. A watan Nuwamba na 2022 takardar gayyata ta iso.

Zamansa a Holan

Ya tashi a watan Afrilu na 2023, yana da shekara sittin da takwas, karo na farko da ya fita daga Nijeriya. An ba shi ɗaki mai faɗi da fenti irin wanda bai taɓa mafarkinsa ba, amma ya yi mako uku bai ɗiga ko ɗigo a kan falanki ba, har masu masaukinsa suka fara tunanin ko rashin lafiya ce. Da aka matsa masa, sai ya roƙi a haɗa shi da direban babbar mota. Aka samo masa wata mata mai dakon furanni, ya bi ta tafiyar kwana biyu, ya dawo ya gama zane bakwai cikin mako takwas.

Saura abu ɗaya. Ƙa'idar gidauniyar ita ce babban zanen da baƙo zai bar musu sai da sa hannunsa, in ba haka ba ba zai shiga littafi ba. Ya dawo Jos a watan Yuli, kuma duk wanda ya tambaye shi yadda aka ƙare, sai ya yi murmushi ya shiga labarin sanyin ƙasar da rashin yaji a abincinsu. Ko matarsa bai gaya wa ba, su kuma suka ji nauyin tambayar gidauniyar a bayan idonsa.

Rasuwa

Malam Datti ya rasu ranar Juma'a, 9 ga Agusta, 2024, wadda ta yi daidai da farkon watan Safar na 1446, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da tara. An yi masa salla bayan an sauko daga Juma'a, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar hanyar Zariya. Jama'a mai yawa ta halarta, har da Obiamaka da Dokta Chundung, waɗanda suka zauna tare da iyalinsa suna karɓar gaisuwa har aka yi addu'ar bakwai.

Ya rasu bai ga littafin ba. Kwana biyu kafin addu'ar arba'in aka kawo ƙunshi daga Holan, aka buɗe shi a tsakar gida. Zanen yana shafin tsakiya, amma aka duba sama da ƙasa ba a ga suna ba, har jikin kowa ya yi sanyi. Sai da babbar 'yarsa ta ɗauko tabarau ɗin mahaifiyarta sannan ta gano shi a kusurwar hagu, ƙarƙashin tayar motar furanni, bai fi ƙwayar shinkafa ba: Datti, Jos. Malama Balaraba ta daɗe tana kallonsa, sannan ta share ido ta ce, "Allah sarki Malam. Ka dai rubuta, amma sai da ka wahalar da mu."

Ya bar matarsa, da 'ya'ya huɗu: Jabir, da Ummusalma, da Zainulabideen, da Rahma mai sunan kakarta, tare da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya albarkaci bayansa. Amin.